Mun Cinye Hanya, Ruwa Ya Ci Mu

Lokacin da shugabannin zaure suka ce mu ne da rubutun wannan karo, niyyarmu ita ce mu yi magana a kan yadda ake buɗe labari. Sai wata magana ta taso a gidanmu a kan gonar gado, ta ɗauke mana hankali tsawon makonni, muka ga gara mu kawo muku ita yadda take. Maganar hanya ce: titi da layi da lungu, da wanda ya kamata ya bar musu fili, da ranar da ya kamata a bar shi.

Mu 'yan Baturiya ne, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma a ƙasar Haɗeja. Wanda ya san sunan garinmu daga nesa, galibi saboda tsuntsaye ya san shi. Dausayin da ke kewaye da mu yana karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai duk lokacin sanyi, kuma a shekarar 2008 aka saka shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Baƙi kan zo da kyamarori masu dogon baki, su ɗauki hoton agwagin ruwa da goruba, su koma. Har yau ba mu ga wanda ya tsaya ya ɗauki hoton lungunmu ba, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ruwa shi ne arzikinmu. Da shi muke kamun kifi, da shi muke noman shinkafa da tattasai, shi ke jawo makiyaya da rani. Kogin Haɗeja daga wajen Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Chalawa suka haɗu, ya ratsa ƙasarmu, ya haɗu da kogin Jama'are can gaba, su zama kogin Yobe mai nufar tafkin Chadi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Chalawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Hanyoyin da a da suke bushewa da rani sun koma riƙe ruwa kusan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe su, yashi ya taru a gindinta. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali sai ya nemi wata, ko ta gonar wani ko ta ɗakin wani. Duk yaron da ya tashi a yankinmu ya san wannan, kuma da zarar an yi ambaliya bakinmu ɗaya: kacala ce, dam ne, gwamnati ce. Akwai gaskiya a ciki. Amma abin da kacala ta yi wa kogi, shi muka yi wa lungunmu, mu dai ba mu cika son faɗa ba.

Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce lokacin da aka kawo ta gidan nan tana amarya, jaki biyu ɗauke da mangala kan wuce juna a lungun ba tare da sun gogi bango ba. Mu ma mun tashi mun ga amalanken shanu yana shigo da buhunan shinkafa har ƙofar zaure. Yadda hanyar ta ƙare a gaban idonmu aka yi, kuma gidanmu ne ya fara. Baba ya fito da dakali don zaman yamma. Bayan shekara biyu dakalin ya samu rumfa, rumfar ta samu bango, ta zama shagon kayan masarufi, wanda da ribarsa aka biya mana kuɗin makaranta. Maƙwabcinmu na dama da zai sake katangarsa da bulo sai ya turo ta taku biyu. Na hagu ya haƙa ramin masai a waje don kada ya ci masa tsakar gida. Wani zai yi wa ɗansa aure, ya cinye kwanar lungun da ɗakin ango. Kowace damina kuma kowa sai ya jibge ƙasa a gindin bangonsa don kada ruwa ya ci shi, har tsakiyar lungun ta koma kamar kwata. A ƙarshen lungun akwai kududdufi, inda kakanni suka haƙi ƙasar ginin unguwa, kuma nan duk ruwan indararonmu yake tafiya. Aka yi ta zuba masa shara har ya cike, wani ya ce filin kakansa ne, ya sayar, aka yi gini.

A cikin duk waɗannan mutane babu ɓarawo ko ɗaya. Mutanen kirki ne, da su muke sahu ɗaya a masallaci. Kowa taku ɗaya ko biyu ya ɗauka, kuma kowa yana da hujjarsa. Hanyar ce dai ba ta da mai tsaya mata, tunda kayan kowa ce.

Daminar 2022 kowa ya san yadda ta yi wa Jigawa. Mu samarin gari mun kwana a bakin jinga ba sau ɗaya ba, muna ɗura ƙasa a buhu muna jerawa, ana haska mana da fitilar waya. Ta ɓangarenmu jingar ta riƙe, kogi bai shigo ba. Muna cikin murna sai wani dare aka kece da ruwan sama tun bayan isha'i, bai ɗauke ba sai gab da asuba. Wajen ƙarfe biyu muka ji Inna tana salati a tsakar gida. Ruwa ya cika lungu, ya haura dokin ƙofa, yana shigowa zaure. Ba shi da inda zai je, kududdufi ya zama gida, kwana ta zama ɗaki. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake jiƙa, ya yi ta shan ruwa shiru, sai dai a ji ya zauna.

Kaka a lokacin ba ta iya tafiya. Wani ɗan uwanmu ya ɗauro shanu ya kawo amalanke, ya tsaya a bakin lungu, don faɗinsa ya fi ƙarfin wurin. Ƙyauren ɗaki muka cire, muka shimfiɗa mata bargo a kai, mu huɗu muka ɗauka, ruwa har cinya, Goggo tana gaba da fitila. A kwanar ɗakin angon nan sai da muka karkata ƙyauren kafin ya wuce, Kaka tana riƙe da wuyan ɗayanmu tana cewa, "Ku bi a hankali, 'yan nan, kada ku zubar da ni." Tafiyar da ba ta kai taku ɗari ba ta ci mana kusan rabin awa. Kafin gari ya waye ɗakuna biyu sun faɗi a gidanmu, uku a maƙwabta. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Da hantsi ruwan yana nan kwance. Dattawa suka tsaya suna duba ta inda za a yanka masa hanya, kowa yana kallon bangon wani. Baba bai ce komai ba, ya shiga gida ya ɗauko diga, ya fara da shagonsa. Sai da aka ga ya yi haka sannan mai ɗakin ango ya yarda aka fasa kwanar, aka ja rami zuwa bayan gari. Kafin la'asar ruwan ya janye. Muna tsince gwangwanayen tumatir da sabulai daga cikin laka, ba wanda ya iya kallon fuskar Baba. Daga ranar muka gane cewa a ƙasa irin tamu hanya aiki biyu take yi. Da rani ta mutane ce da dabbobi, da damina ta ruwa ce, ko mun yarda ko ba mu yarda ba.

Da muka koma makaranta don ƙarasa difiloma, abin bai bar ranmu ba. Ba tsara birane muka karanta ba, amma akwai ɗaliban sashen safiyo a ɗakin kwananmu, muka riƙa damunsu da tambaya. Su suka nuna mana cewa UN-Habitat, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, tana ba da shawarar aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin unguwa ya tafi a tituna. Da farko mun ga kamar almubazzaranci ne. Sai suka ce mu zauna mu lissafa abin da titi yake ɗauka.

A gefensa ake jan kwata. A ƙarƙashinsa bututun famfo yake bi, a bakinsa ake kafa turakun lantarki. Ta kansa motar asibiti take zuwa ɗaukar mai naƙuda, motar kashe gobara take isa gidan da ya kama, motar ɗan kasuwa take ɗaukar buhun tattasai daga ƙofar manomi ba sai ya biya 'yan dako ba. Duk wani aikin raya gari da muke roƙon 'yan siyasa su kawo mana, sai ya samu hanyar da zai bi ya shigo. In babu ita, ko an ware kuɗin, ɗan kwangila zai tsaya a bakin titin mota ya yi abin da zai iya, na cikin lungu su ji labari. Sannan gida ana rushe shi a sake, rufi ana canza shi, amma inda aka ja layin hanya yakan zauna ɗaruruwan shekaru. Ranar da wurin yake gona, barin hanya igiya da turke kawai yake ci. Bayan an yi gini kuwa, sai rusau da diyya da gaba tsakanin maƙwabta.

Abokan nan namu su suka fara ba mu labarin birnin Niyok na Amurka. A shekarar 1811 aka fitar da taswirar tsibirin Manhatan, aka zana manyan tituna 12 a tsaye da layuka 155 a kwance, alhali galibin wurin gonaki ne da duwatsu. Waɗanda suka yi zanen ba su ga cikar garin ba. Gari ne ya zo daga baya ya tarar da hanyoyinsa suna jiransa, kuma har yau a kansu ake tafiya.

Amma ba sai mun je Amurka ba, ga Maraɗi nan a Nijar, garin Hausawa 'yan uwanmu. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake zaune, kamar yadda muke zaune a bakin fadama. A shekarar 1945 ambaliya ta ci shi, Turawan Faransa masu mulki a lokacin suka sa aka hau tudu, aka yanka sabon gari da layuka miƙaƙƙu masu faɗi. Ba mu ce barin kufan iyaye abu ne mai daɗi ba. Amma da cinikin gyaɗa ya bunƙasa a shekarun da suka biyo baya, manyan motoci sun samu hanyar shiga da fita, kuma yau Maraɗi ake kira cibiyar kasuwancin Nijar. Kusancinta da iyakar Najeriya da ƙoƙarin alhazanta su ne manyan dalilai, sai dai garin da mota ba ta iya juyawa a cikinsa da wuya ya riƙe irin wannan ciniki.

Wanda ya san Kano kuma ya san bambancin Sabon Gari, da aka yanka a kan layi tun shekarun farko na zuwan jirgin ƙasa, da unguwannin bakin gari da aka yi da awon igiya. A Sabon Gari ko baƙo ne, a ba shi sunan titi da lamba zai kai kansa. A unguwar awon igiya sai an ce masa ya tsaya a gindin taransifoma a zo a tafi da shi. Kuma ko inda aka bar hanya, in aka saki ido sai a cinye ta. A wannan damina ta 2022 dai ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi masu yawa, kuma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa.

Kada a ɗauka muna cewa duk abin da aka ja da rula alheri ne. Tsarin da Turawan Ingila suka kawo ya zo da wariya: dokar garuruwa ta 1917 ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, har da filin da aka hana gini a tsakani. A zamaninmu ma mun ji kukan talakawan da aka karɓi gonakinsu da sunan tsari, filayen suka ƙare a hannun masu hali. Mun kuma ga layuka miƙaƙƙu da aka zana a ofis ba tare da an zo an ga inda ruwa yake gangarawa ba, suka koma tafki. A ƙasar fadama, wanda zai ja layi sai ya fara zuwa da damina, ya tsaya cikin ruwan sama ya ga ta ina ruwa ke bi, ya bar masa wannan wurin tukuna, sannan ya jera sauran a jikinsa.

Kakanninmu sun san haka. Tsohon birnin Haɗeja, kamar sauran biranen Hausa masu ganuwa, ba kara zube aka zauna shi ba. Manyan hanyoyi suna tasowa daga ƙofofi su nufi fada da masallaci da kasuwa, lunguna suna fita daga jikinsu, suna ba gidaje inuwa da sutura. Kududdufin da aka haƙa don gini shi ne ma'ajiyar ruwan unguwa. A bayan gari an bar burtali don shanu. Ba su da taswira, amma suna da mai unguwa da bulama da za su ce wa mutum ya ja bangonsa baya, ya kuma ja. Abin da ya same mu shi ne mun saki tsarin da, ba mu kama na zamani ba. A takarda dokoki suna nan. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon filayen karkara, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsare-tsare har a matakin ƙaramar hukuma. Amma a ƙauye, mai tsara gari na zahiri shi ne dillalin da ke riƙe da igiya ranar awo.

Wannan ya dawo da mu kan gonar gado. Gona ce ta kakanmu a kan tudu a bakin gari, wadda aka bari ba a raba ba saboda Kaka tana raye. Bayan rasuwarta magada suka ce a raba. Gari ya riga ya iso gonar, kuma tun bayan ambaliya kowa tudu yake nema, don haka ba maganar noma ake ba, maganar fuloti ake. Magada biyar ne: Baba da ƙannensa maza biyu da mata biyu. Mu jikoki ba mu da ko taku a ciki, sai dai da yake mu ne 'yan boko, aka ce mu zo da biro da takarda mu riƙe lissafi.

Gonar ta kusa hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. Fulotin da za a yanka ƙafa 50 ne a kan 50, kimanin murabba'in mita 232. A lissafin takarda, in ba a bar komai ba, fuloti 43 za ta bayar. Dillalin da aka kira ya ce zai fitar da 40, ya bar 'yar hanya a tsakiya wadda babur zai bi. Mu kuma muka kwana muna zane a bayan kalanda. Muka fitar da babbar hanya mai faɗin ƙafa 30 da ta bi gangaren gonar, da layuka biyu masu ƙafa 20 da suka gitta ta, muka bar ɗan kwarin da ke kusurwar gabas inda ruwa yake taruwa. Abin da ya rage fuloti 32 ne. Kowane namiji zai sauko daga goma zuwa takwas, kowace mace daga biyar zuwa huɗu.

Babban Baffa ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce, "Yanzu ku yaran nan, fuloti takwas za ku ɗauka ku ba iska? Wa zai biya mu?"

Muka ce, "Baffa, Allah Ya ƙara girma, a duba da kyau. Fulotin bakin hanya ai ba kuɗinsa ɗaya da na ƙurya ba. In aka bi wannan zanen, kusan kowanne yana kallon hanya."

Ya ce, "Wannan lissafin makaranta ne. Ni 'ya'ya mata biyu zan aurar bayan girbi, kuma abin da na sani goma ta fi takwas."

Ba mu da amsar da za ta saya masa kayan ɗaki. Kuma gaskiya ne, mu masu zanen ba mu ne za mu yi asara ba. Kyauta da kayan wani ba ta da wuya.

Aka kai maganar gaban limamin unguwa. Ya faɗa mana abu biyu. Na farko, ya zo a hadisi cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci idan mutane suka saɓa a kan hanya a bar faɗinta zira'i bakwai, wato sama da mita 3, a zamanin da raƙumi ne babban abin hawa. Na biyu, gona haƙƙin magada ce, ba mai ikon cire ko taku ɗaya daga rabon wani sai da yardarsa, komai kyan niyya. Ya ce mu je mu nemi yardar kowa ɗaya bayan ɗaya, kada mu kunyata kowa a taro.

Wadda muka fi jin nauyin tunkara ita ce Goggo ƙarama. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da marayu huɗu, fuloti ɗaya a wurinta ba ƙaramin abu ba ne. Muka same ta tana tsintar shinkafa a faifai, muka gaishe ta, muka yi ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Ku daina wahalar da bakinku, 'ya'yan nan. Ni na riƙe fitila daren da kuka fito da Iya a kan ƙyaure. Ku cire nawa. Amma ku rubuta a takarda, bulama ya sa hannu, don na san halin 'yan uwana, kuma na san halin waɗanda za su saya."

Maganarta ta riga mu isa kunnen Baffa. Bai ce mun yi gaskiya ba, mu ma ba mu nemi ya ce ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne babbar hanya ta zauna a ƙafa 30, kwarin gabas a bar shi, amma layukan nan biyu a rage su zuwa ƙafa 15. Ragin ya fitar da fuloti ɗaya, sauran magada suka bar wa Baffa shi saboda hidimar da ke gabansa. Ba haka muka so ba, amma mun karɓa. Mu jikoki muka haɗa kuɗi muka sayi siminti buhu biyu, muka buga turaku muka kafa a bakin kowace hanya. An rubuta takarda, an zana hanyoyin a jikinta, bulama da liman da magada sun sa hannu, da sharaɗin duk wanda zai sayar sai ya nuna wa mai saye ita.

Har yanzu hankalinmu bai kwanta ba. Hanyarmu mai ƙafa 30 a iyakar gonar maƙwabci take tsayawa. In ranar awonsa ya ci gaba da ita, unguwa ta samu titi. In ya toshe ta, dogon zaure kawai muka yi. A nan ƙarfin gida ɗaya yake ƙarewa, a nan ake buƙatar ƙaramar hukuma da masu sarauta. Su zauna tun gonaki suna gonaki, su tambayi tsofaffi da masunta inda ruwa yake bi, su ja manyan layuka uku ko huɗu da gari zai bi in ya faɗaɗa, su kafa turaku kowa ya sani, sannan kada a yarda da cinikin fulotin da ya hau kansu. Ko ba a zuba kwalta ba sai bayan shekara ashirin, filin yana nan yana jira. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kuma mun san turke ba ya hana dakali. Wata rana ɗayanmu zai yi gini a wurin, ya ji sha'awar zaman yamma a ƙofar gida, a ranar za a gane ko mun koyi wani abu.

'Yan uwa marubuta, littattafanmu cike suke da gidajen Maitama da Asokoro, da motar da ake buɗe wa get ta shiga. Ba laifi ba ne, mai karatu yana son ya huta. Amma Abujar ma da taswira aka fara ta, wadda aka kammala a 1979 lokacin galibin wurin daji ne. Jarumanmu da wuya su taka laka, alhali rikicin da ke cikin taku biyu na lungu, tsakanin maƙwabtan da suka shekara talatin suna cin tuwo tare, ya isa littafi guda. Muna roƙon kowa a wannan mako ya fita ƙofar gidansu ya auna faɗin lungunsu da taku. Sannan ya sami wanda ya fi kowa shekaru a unguwar, ya tambaye shi taku nawa ne a da, yaya aka yi ya ragu, ina ruwa yake bi. Ya rubuto mana abin da ya ji ko shafi ɗaya ne, ba tare da kama sunan kowa ba. Mu mun auna namu jiya da yamma. Taku biyar ne a inda shagon Baba yake a da, uku a kwana, don an sake gina ta. Baba ya ce da yana yaro tara ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare garuruwanmu daga ambaliya, Ya kare mu daga son zuciya. A yi mana gyara inda muka yi kuskure. Sai mun ji daga gare ku. Wassalamu alaikum.